Rage ƙiba kafin awon kayan biki: wace hanya amarya za ta bi?

Da an sa rana, lissafi ya fara. Ga kayan ɗaki, ga ankon ƙawaye, ga mai gyaran jiki, ga tela da ke cewa a kawo ɗinki da wuri kafin layi ya cika. Ana cikin wannan hidimar ne wata tambaya kan tsaya wa 'yan mata da yawa a rai, ba su kuma cika furta ta ba: in je awo da jikin nan nawa, ko in dakata sai na ɗan faɗa? Masu ba da shawara kuwa ba su ƙarewa. Goggo ta ce tumbin nan zai ɓata rigar dina, Inna ta ce amarya ai da cika take kyau. Ƙawa ta turo lambar mai shayin rage teɓa a Instagram, wata ta ce ai yanzu allura ake yi.

Zan ɗauki hanyoyin da amare suka fi bi, in auna kowace da ma'auni iri ɗaya. Ba zan ɓoye ra'ayina ba tun daga farko: abin da ke sa amarya ta shiga taro kanta a ɗage ya fi dogara ga yadda kaya suka zauna mata da kuma ƙarfin jikinta a ranar, fiye da lambar da sikeli ya nuna. Amma wadda take son ragewa tana da haƙƙin ta san wace hanya ce ke aiki, wace ce kuma ke cin kuɗi da lafiya a banza.

Abubuwan da za a duba kafin zaɓe

Na farko lokaci. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ƙirga kwanaki zuwa ranar ɗaurin aure. Ranar da ta shafe ki ita ce ranar awo, sai ranar gwajin ƙarshe a shagon tela. In biki saura wata uku, tela kuma yana buƙatar mako shida, to mako shida ko bakwai kike da su, ba goma sha biyu ba. Hukumomin lafiya na Ingila da Amurka suna ba da shawarar rage rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Da wannan za ki iya yin lissafin gaskiya tun yau.

Na biyu kuɗi, domin kowace naira da ta tafi nan daga wani wurin aka cire ta. Na uku ɗorewa: kayan lefe sau da yawa a tare ake kai su ɗinki, kala goma ko ashirin. In an auna ki a lokacin da kika matse kanki da yunwa, jikin ya dawo bayan wata biyu, akwatin ne gaba ɗaya zai daina shigar ki. Na huɗu sauƙi, musamman a gidan da tukunya ɗaya ake ɗorawa don kowa. Na biyar haɗari, kuma a nan amarya ta bambanta da sauran masu neman rage ƙiba, domin ciki na iya shiga a watannin farko na aure. Duk abin da za ki sha yanzu, ki tambayi kanki ko ya dace da macen da za ta iya ɗaukar ciki nan da 'yan watanni.

Kafin duk wannan, ki tabbatar ma akwai abin ragewa. Ki ɗauki tef ki auna cikinki daidai saman cibiya kaɗan, ba tare da kin janye numfashi ba. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce awon ya gaza rabin tsawonki. Mai tsawon santimita 160 tana son awon cikinta ya kasance ƙasa da 80, wato kimanin inci 31 da rabi a tef ɗin tela. Sannan ba kowane babban ciki ne kitse ba. Cikin da ya yi tauri daga ƙasa, ga jinin al'ada mai yawa, ga yawan fitsari, yana iya zama ƙari a mahaifa, abin da ya fi yawa a tsakanin baƙaƙen mata. Babu shayi ko motsa jikin da zai taɓa shi; hoton ciki a asibiti ne zai nuna. Haka wadda ƙibarta ta zo tare da rikicewar al'ada da gashin haɓa, likitan mata ya kamata ta fara gani.

Gyara cin abinci a gida da tafiyar ƙafa

Wannan ita ce hanyar da ba ta da mai talla, domin babu wanda zai samu riba da ita. Lissafinta a fili yake: kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori kimanin 7,700 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). In kika rage 500 a kowace rana daga abin da kika saba ci, kusan rabin kilo ke nan a mako. Abin tambaya shi ne daga ina za a ciro 500 ɗin ba tare da an ji a jiki ba.

A yawancin gidajenmu amsar tana cikin kofi da kwalbar mai, kafin a zo ga tuwo. Kwalbar lemo mai 50cl na iya ɗauke da sukari kusan giram 50, wato ƙaramin cokali goma sha biyu, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora wa babban mutum na yini guda, ta kuma ce rabin hakan ya fi. Lemon malt bai fi shi sauƙi ba. Zoɓo da kunun aya da fura, su kansu ba laifi, sukarin da ake zuba musu ne matsalar. Mai kuma, ko manja ko man gyaɗa, babban cokali ɗaya kalori 120 ne. Ki tsaya ki kalli hannunki ranar da za ki ci garau-garau: ana tsiyaya mai har ya kwanta a gindin kwano, cokali uku ko huɗu ba a ma lura ba. Wannan kaɗai ya kusa cika lissafin yinin.

Don haka ba sai kin dafa tukunyarki daban ba. Malmala ɗaya maimakon biyu, miyar kuka ko kuɓewa ko taushe da yawa, kwaɗon zogale ko rama a gefe, wake da ƙwai da kifi don su riƙe ciki. Ƙosai da fanke da soyayyar awara su koma na wani lokaci. Shayin safe a rage masa sukari da madarar gwangwani. In yunwa ta taso da la'asar, ga gwanda, ga kankana, ga gurji.

Tafiya kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa minti 150 zuwa 300 a mako. Rabin awa bayan sallar asuba, kwana biyar, ya cika mafi ƙarancin. Wadda ba ta samun fita tana iya zagaya tsakar gida, ko ta bi bidiyon tafiya a cikin ɗaki a YouTube. Sai dai ki sani, rabin awa na tafiya da sauri kalori kimanin 150 yake ƙonawa, daidai da ƙaramar kwalbar lemo ɗaya. Tafiyar tana gyara barci da numfashi da kuzari, amma yawancin ragin daga kwano yake fitowa.

Kuɗi: babu, wani lokaci ma ragi ake samu. Ɗorewa: ta fi kowace, tunda da ita za ki tare a gidanki. Wahalarta jinkiri ne da bakin mutane, masu cewa ina aka taɓa amarya da ƙin abinci. Akwai kuma wani abin da ke rushe ta a ɓoye: kayan gyaran jiki na ci da sha. Kazar amare, gumba, haɗin madara da dabino da zuma, duk abinci ne mai nauyi. Ba zai yiwu ki rage tuwo da rana ki shanye jug ɗin haɗi da dare ki ga canji ba. Ki gaya wa mai gyaran abin da kike ciki, a tsaya kan dilka da halawa da turare, na cin kuma a yi shi da awo.

Gidan motsa jiki

A Kano da Kaduna da Abuja da sauran manyan garuruwa ana samun wuraren da ke da sashen mata ko lokacin mata zalla. Amfaninsu biyu ne: kin biya kuɗi, don haka za ki je, sannan ɗaga ƙarfe daidai gwargwado yana ɗaure damtse da baya da cinya, yana gyara tsayuwa, riga kuwa a kan tsayuwa take zama. Sikeli na iya ƙin motsi a makonnin farko alhali tef yana nuna ragi, don haka tef za ki riƙe.

Kuɗin wata da na mota su ne nauyinsa, sai lokaci a tsakiyar hidima. Haɗarinsa kaɗan ne in an fara a hankali. Wadda ta afka da ƙarfi a makon farko takan ƙare da ciwon gwiwa ko baya. Abu ɗaya da za ki ƙi yarda da shi daga bakin kowane mai koyarwa shi ne cewa kwanciya da tashi sau ɗari zai narkar da tumbi. Jiki ba ya cire kitse daga wurin da aka zaɓa masa. Kuma in ba a gyara ci ba, yunwar bayan motsa jiki tana mayar da abin da aka zubar.

Yunwar gaggawa

Nan ne ake samun masu kwana uku a kan ruwan ɗumi da lemun tsami, da masu yanke duk wani dangin hatsi dare ɗaya. A makon farko sikeli na iya sauka da kilo biyu, har mutum ya ɗauka ya dace. Yawancin abin da ya fita ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kowane giram kuma yana riƙe da ruwa kusan giram uku; in ajiyar ta ƙare, ruwan ya bi fitsari. Ranar da kika ci shinkafa zai dawo. Ki duba abin da hakan ke nufi ga ɗinki: an auna ki a ƙasan ramin, makon biki ya zo da waina da alkaki da dambun nama, zif ya ƙi rufuwa.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Ramewar gaggawa tana jawo zubewar gashi, kuma ba nan take ba, sai bayan wata biyu zuwa uku. Wadda ta fara yunwa wata uku kafin biki, gashin zai fara bin mataji ne daidai makon kitso da ƙunshi. Ga jiri, ga ƙarancin jini, ga rikicewar al'ada a lokacin da ake son sanin ranakunta, ga yiwuwar tsakuwa a maɗaciya. Mai gyambon ciki kuwa kada ma ta kusanci wannan hanya. Fuska ma tana faɗawa, ita ce kuma za a ɗauka a hoto.

Azumin Litinin da Alhamis daban ne, ibada ce da sahur da buɗa-baki, kuma wadda ta saba ta ci gaba da abinta. Ragin da zai kawo ya danganta da abin da aka ci bayan magariba.

Shayi, ƙwayoyi da haɗin rage teɓa

A ganina wannan ce mafi munin hanya, kuma ita ce aka fi tallatawa ga amare. Yawancin irin wannan shayin abu biyu yake yi: ya sa zawo, ko ya sa fitsari. Mai sa zawon sau da yawa ganyen filasko ne ko danginsa, wanda kakanninmu suka sani a matsayin maganin wankin ciki na rana ɗaya, ba abin sha kullum ba. Abinci ya riga ya shiga jini tun a ƙaramin hanji kafin ganyen ya fara aiki a babban hanji, don haka kitse yana nan inda yake. Ciki ne ya zama wayam, ruwa ya fita, tare da gishirin jikin da zuciya ke buƙata don ta buga daidai. In aka daɗe ana sha, hanji kan saba har ya kasa fitar da bayan gida da kansa.

Shayi da ƙwayoyin da suke kashe sha'awar abinci da gaske su ne suka fi ban tsoro. Akwai wani sinadari mai suna sibutramine da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma tun daga lokacin hukumomin magunguna a ƙasashe daban-daban suke ta gano shi a ɓoye cikin shayi da kofi da ƙwayoyin da aka rubuta wa "ganye zalla". In kin sha wani abu kika ji bakinki ya bushe, zuciya na dukan uku-uku, barci ya ƙaurace, abinci ya fita daga ranki, ki ajiye shi a ranar.

Lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, ma a fahimce ta. A kan magungunan gargajiya da dama da ke da lambar, za ki ga an rubuta da Turanci cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi a kan maganin ba. Wato ba ta ce yana rage ƙiba ba. Wanda aka ƙulla a leda ko aka zuba a gora babu suna babu kwanan wata, babu abin da za a riƙe in ya yi ɓarna. Kwali ɗaya yana da araha, amma ba a taɓa sayar wa mutum ɗaya kawai. Ana cewa sai kin haɗa da na dare da na shafawa. Ɗorewarsa ba ta wuce ranar da aka daina sha.

Allurar rage ƙiba

Wannan magani ne na gaske, kuma yana aiki. Semaglutide, na kamfanin Novo Nordisk na Denmark, ya fito da sunan Ozempic don ciwon sukari a 2017, sannan Amurka ta amince da shi da sunan Wegovy don ƙiba a 2021. Sau ɗaya ake yin sa a mako, yana rage sha'awar abinci, yana jinkirta saukarsa daga ciki. A babban gwajin da aka wallafa a 2021, masu amfani da shi sun rage kimanin kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu. Ki lura da lokacin: mako 68, kusan shekara ɗaya da wata huɗu. Ana farawa da ƙaramin awo ana ƙarawa duk bayan mako huɗu, sai an shafe mako 16 ake kai cikakken awo. Wadda bikinta saura wata biyu, lokacin tashin zuciya da amai da taurin bayan gida za ta tarar, ragin kuma kaɗan.

Ga amarya akwai babbar matsala guda. Ba a amfani da shi da juna biyu, kuma ƙa'ida ita ce a daina aƙalla wata biyu kafin a nemi ciki. Ɗan'uwansa Mounjaro kuma yana iya rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa ta sha a makonnin da aka fara shi ko aka ƙara awo. Da an daina, yunwa ta dawo: bibiyar waɗanda suka yi gwajin ta nuna sun mayar da kusan kashi biyu bisa uku na abin da suka rage cikin shekara ɗaya.

Kuɗinsa ya fi na kowace hanya a nan, ɗaruruwan dubban naira, kuma ba na wata ɗaya ba ne. Yana buƙatar firji kafin a fara amfani da shi, abin da ba ƙaramin aiki ba ne a inda wuta ke zuwa tana tafiya. Jabu ma ya shigo kasuwa; a watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabun Ozempic da aka kama a Brazil da Ingila da Amurka. In a can an samu, wanda ake aikowa ta tasha daga hannun 'yar kasuwar WhatsApp bai cancanci a yarda da shi ba. An yi allurar ne don mai ƙiba ta asibiti, wadda ma'aunin BMI ɗinta, wato lissafin nauyi a kan tsawo, ya kai 30, ko 27 tare da hawan jini ko sukari, a ƙarƙashin kulawar likita. Ba a yi ta don kilo huɗu na rigar dina ba.

Bel ɗin matse ciki

Yana rage inci ɗaya ko biyu a ido muddin yana jiki, ana cirewa komai ya koma. Gumin da yake sa ki ruwa ne. Sa shi kullum na tsawon yini yana kawo ƙwannafi da ƙuraje da taƙaita numfashi, ba ya kuma narkar da komai. A matsayin kayan ciki na 'yan awoyi yana da amfani, da sharaɗi biyu: mai laushi daidai jikinki, kuma ki sa shi ranar awo da ranar gwaji, don a ɗinka rigar a kansa. Amaren da ke jin jiri a tsakiyar fili yawanci matsi ne da zafi da rashin cin abinci suka haɗu musu.

Ɗinki daidai jikin da kike da shi

Ana mantawa cewa wannan ma zaɓi ne, kuma shi kaɗai ne sakamakonsa ke hannunki. Sa'armu ita ce yawancin kayan bikinmu ɗinkawa ake yi. Leshi yadi biyar, atamfa turmi yadi shida, ko a Kantin Kwari kika saya ko a lefe suka zo, ba su da lambar girman jiki. Kina iya sayen yadi yau ba tare da jiran komai ba. Lafaya da alkyabba kuwa babu ruwansu da ƙugu.

Ƙa'idar teloli ɗaya ce: rage riga ya fi buɗa ta sauƙi. Don haka kada ki ce a ɗinka da awon da kike fatan kaiwa. A auna ki yadda kike, a bar alawus inci ɗaya ko fiye a kowane gefe, a jinkirta dutse da duwatsun ado na gefen ɗinki sai bayan gwajin ƙarshe, domin leshin da aka riga aka yi wa ado yana da wuyar farkewa. Rigar da ake ɗaurewa da igiya ta baya tana karɓar canjin inci biyu ko uku ba tare da an taɓa almakashi ba. Ga wadda jikinta ke sauyawa ta fi mai zif. Siffar ɗinki ma tana aiki: rigar da ta kama ƙasan ƙirji ta saki daga nan tana rufe tumbi, wadda ta matse har gwiwa tana fito da shi. Hannu mai ɗan faɗi ya fi wanda ya shaƙe damtse. Yadi mai sheƙi yana nuna kowane lanƙwasa, mai nauyi da shafi mai kyau yana kwantar da shi.

Shagon tela shi ne inda ran amare da yawa ke ɓaci. Tef ya zagaya ciki, tela ta ɗaga murya ta faɗa wa yarinyarta lamba ta rubuta, ƙawaye uku na zaune a benci, ɗaya ta yi dariya, wata ta ce "lallai sai kin dage." Ba dole ba ne ki jure wannan. Ki je da mutum ɗaya wadda bakinta ke da daɗi, ki ce wa tela tun a ƙofa, "Anti, don Allah ki rubuta kawai, ba sai kin faɗa ba." Ranar gwaji kada ki tsaya gaban madubi kina janye ciki. Ki zauna a kujera, ki durƙusa kamar za ki gaida surukai, ki ɗaga hannu, ki ja dogon numfashi, ki taka da takalmin da za ki sa. In rigar ta bar ki kin yi duk wannan, ta yi. Telar da ta ce jikinki ne matsalar ɗinkinta, ki nemi wata.

Kuɗin gwanar tela ya fi na gama-gari, amma bai kai abin da ake zubarwa a shayi da ƙwayoyi ba. Haɗarinsa ɗaya ne, saɓa alkawari, musamman gab da azumi, bayan sallah da ƙarshen shekara lokacin da bukukuwa ke cunkushewa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki ba ta ranar da ta riga ta gaskiya da mako biyu.

A taƙaice cikin jadawali

| Hanya | Kuɗi | Lokacin da take so | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Gyara ci da tafiya | Babu ko kaɗan | Mako 8 zuwa sama | Mai kyau | Sai da haƙuri | Kaɗan |
| Gidan motsa jiki | Matsakaici, duk wata | Mako 8 zuwa 12 | In an ci gaba | Yana cin lokaci | Kaɗan |
| Yunwar gaggawa | Babu | Kwanaki | Ba ta ɗorewa | Mai wuya | Zubewar gashi, jiri |
| Shayi da ƙwayoyi | Yana taruwa | Kwanaki, ruwa ne | Babu | Mai sauƙi | Babba |
| Allura | Mai yawa sosai | Watanni da yawa | Ƙiba na dawowa in an daina | Sai da likita da firji | Juna biyu, jabu |
| Bel | Kaɗan | Nan take | Awoyi | Mai sauƙi | Ƙwannafi, matsi |
| Ɗinki daidai jiki | Matsakaici | Mako 4 zuwa 8 | Ana iya gyarawa | Mai sauƙi | Saɓa alkawari |

Wace ta dace da wa

In kina da wata shida ko fiye, kuma tef ya nuna akwai abin ragewa, ki kama gyaran ci da tafiya, ki ƙara gidan motsa jiki in aljihu ya yarda. Ki sayi yadi yanzu, ki bar awo sai saura wata biyu, daga ranar awon kuma ki daina neman ragi, ki riƙe inda kike.

In wata uku ne, burinki kada ya wuce kilo uku zuwa biyar. Ki yanke lemo da yawan mai, ki yi tafiya, a auna ki yadda kike da alawus da igiyar baya. Kayan lefe kuma ki ɗinka waɗanda za ki buƙata a watan farko, sauran su jira jikinki ya zauna a gidanki.

In ƙibar tana tare da hawan jini, sukari, ciwon gwiwa ko rikicewar al'ada, maganarki ta wuce ta riga. Ki ga likita, ki gaya masa ranar bikin da ko kuna son haihuwa da wuri. Shi zai ce ko allura ta dace da lokacin da za a daina. A nan ma za ki tambayi ƙwayar folic acid, wani nau'in bitamin, maikirogiram 400 a rana, wadda ake so mace ta fara tun kafin ciki ya shiga.

In ke siririya ce ana matsa miki ki ciko, ki guji sha-ka-fashe. Sau da yawa dexamethasone ne a ciki, wanda ke kumbura fuska da ciki ya bar hannu da ƙafa a tsotse, ya kawo nankarwa da sukari da hawan jini. Wadda ta riga ta daɗe tana sha kada ta yanke dare ɗaya, sai likita ya rage mata a hankali. Gyaɗa da nono da ƙwai da ƙarin cin abinci sau ɗaya a rana sun fi shi.

In kin lura kina sa hannu a maƙogwaro bayan cin abinci, ko kina ɓoye yunwa, ko tsoron awo ya hana ki barci, ki dakatar da duk wani shirin ragi ki gaya wa Mama ko yayarki, ku ga likita tare. Wannan lalura ce da ake magancewa, kuma hidimar biki tana ƙara ta.

In kuwa saura mako shida ko ƙasa da haka, tela ce hanyarki. Ki je awo cikin makon nan. Ki rage lemo da gishiri da dunƙulen miya don kumburin ciki ya sauka, ki samu barci, kada ki gwada wani sabon shayi ko haɗi ko man shafawa a makon biki. Ranar gwajin ƙarshe ki tafi da rigar mama da bel da takalmin da za ki sa, ranar taron kuma ki karya da abinci mai riƙe ciki kafin mai kwalliya ta fara, ki sa wata ƙawa ta riƙe miki ruwa.